Tarihin Baƙo a Zauren Kwamfuta

Daga cikin koke-koken da suka fi yawa a bakin ma'aikatan ofisoshi da masu shagunan buga takardu a wannan zamani akwai wanda lafazinsa bai cika sauyawa ba, shi ne mutum ya tashi aiki da yamma ya bar kwamfutarsa tana hulɗa da 'yan'uwanta lafiya lau, ta kwana tana sabunta babbar manhajarta, gari ya waye ya nemi foldar da ya saba buɗewa a wata kwamfutar, ko firintar da ya saba tura wa aiki, sai wani ɗan akwatin saƙo ya tare shi da cewa ƙa'idojin tsaro na ma'aikatarsa sun hana. Sau da yawa mutumin ba shi da wata ma'aikata da ta wuce teburinsa, bai kuma taɓa kafa wata ƙa'ida ba, saboda haka abin da ya fi saurin zo masa a rai shi ne injin ya lalace, ko kuwa masu manhajar sun tafka kuskure. Wani lokaci hakan ne. Amma galibi abin da ya same shi hukunci ne da aka yanke da gangan, bisa dalilan da suka samo asali tun shekaru arba'in da suka wuce, kuma duk wanda ya bi diddigin waɗannan dalilai zai tarar da tarihin wata al'ada guda, ta karɓar baƙo ba tare da an tambaye shi ko shi wane ne ba, da yadda aka riƙa janye ta kaɗan-kaɗan bayan kowace annoba.

Asalin al'amarin yana komawa ne ga shekarar 1983, sa'ad da wani injiniya na kamfanin IBM mai suna Barry Feigenbaum ya tsara hanyar da kwamfutar tebur za ta bi ta nemi fayil ɗin da ke ajiye cikin wata kwamfutar, ta karanta shi ko ta yi masa gyara tamkar a cikinta yake. Wannan hanya, wadda aka sani da haruffa uku, SMB, tsararren yare ne na roƙo da amsawa tsakanin inji da inji: wannan ya ce buɗe mini fayil kaza, wancan ya buɗe, ya ce miƙa wannan takarda ga firinta, ya miƙa. Kamfanin Microsoft ya ɗauki yaren ya faɗaɗa shi, ya gina manhajar LAN Manager a kansa tare da kamfanin 3Com a 1987, sa'an nan ya shigar da shi cikin Windows for Workgroups a 1992, daga nan kuwa ya zama abin da kowace Windows ke zuwa da shi. A farkon 1992 ɗin ne kuma wani ɗalibin jami'a a birnin Canberra na ƙasar Ostareliya, Andrew Tridgell, ya fitar da wata manhaja kyauta, wadda daga baya aka raɗa wa suna Samba, ta koya wa injunan da ba na Microsoft ba wannan yare. Ta dalilinta ne, bayan shekaru, akwatunan ajiyar fayil, da na'urorin rarraba intanet, da manyan injunan kwafin takarda masu aika hoto cikin folda, suka tashi da shi a bakinsu. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan batu, domin waɗannan na'urori, waɗanda akan saya a kafa a manta da su shekara goma, su ne za su zama cibiyar rigimar da ke tafe.

Duniyar da aka tsara yaren dominta ƙarama ce ƙwarai. Ofis ne mai kwamfuta takwas ko goma, waya ɗaya ta ratsa su duka, wurin ajiya yana da tsada, firinta ɗaya ce tal, kuma duk wanda hannunsa zai kai ga wayar, to ma'aikacin gidan ne wanda maigadi ya san fuskarsa. A irin wannan hali neman shaidar mutum ɓata lokaci ne, saboda haka a Windows for Workgroups da Windows 95 akan ɗora kalmar sirri a kan foldar ne, idan ma an ɗora, kowa ya san ta kowa ya shiga. A manyan nau'o'in Windows kuwa aka tanadi wani asusu na musamman mai suna Baƙo, inda za a iya saukar da duk wanda ya zo ba a gane sunansa ba. Misalin wannan tsari shi ne zauren mai unguwa a ƙauyen da kowa ya san kowa, inda matafiyi zai yi sallama a shimfiɗa masa tabarma a kawo masa ruwa tun ba a tambaye shi daga ina yake ba. Al'ada ce kyakkyawa marar aibi muddin ƙofar zauren ƙauyen take kallo. Abin da ya faru a shekarun 1990 shi ne an wayi gari ƙofar tana kallon duniya baki ɗaya, alhali mai gidan bai motsa ko tubali guda ba.

Intanet ce ta yi wannan aiki. Mutumin da ya haɗa kwamfutarsa da layin tarho domin ya karanta wasiƙa bai cika sanin cewa ƙofofin da ke buɗe domin abokan aikinsa, waɗanda masana ke kira da lambobinsu, 135 da 139, da kuma 445 wadda ta zo tare da Windows 2000, suna nan a buɗe ga duk wanda ya laluɓo adireshinsa daga ko'ina a bayan ƙasa ba. Ita Windows 2000 ɗin ta kawo wani abu kuma da ya shafi labarinmu, wato tsarin da ya ba shugaban sashen kwamfuta na babbar ma'aikata ikon ya rubuta doka sau ɗaya a kan uwar garke ta zartu a kan injuna dubu: wa zai shiga ina, kalmar sirri za ta kai harafi nawa, wane irin baƙo za a karɓa. Wannan tsari ne saƙon nan ke nufi idan ya ambaci ƙa'idojin ma'aikata. Kuma da yake kowace kwamfuta tana ɗauke da kundin irin waɗannan ƙa'idoji ko tana cikin ma'aikata ko ba ta ciki, to wanda ba shi da shugaban sashe, hukuncin da Microsoft ya zuba a kundin tun asali shi ne dokarsa, ranar da aka sauya shi kuwa dokarsa ta sauya ba da saninsa ba. Da Windows XP ta fito ranar 25 ga Oktoba 2001, ta zo da katangar tsaro mai iya toshe waɗannan ƙofofi, amma a kashe, sai wanda ya sani ya kunna. Ta kuma zo da wata sassauƙar hanyar raba fayil wadda ke ɗaukar duk mai shigowa ta waya a matsayin Baƙo.

Ba a jima ba sakamako ya bayyana. A cikin 2001 kaɗai ƙwayoyin cuta biyu masu yaɗa kansu, irin waɗanda ake kira tsutsa, wato Code Red a watan Yuli da Nimda a watan Satumba, suka yi ɓarnar da ta sa manyan abokan cinikin Microsoft suka fara shakkar kayansa, har ranar 15 ga Janairu 2002 Bill Gates ya aika wa ma'aikatan kamfanin wasiƙa yana umartarsu da cewa duk sa'ad da ƙara wa manhaja armashi ya ci karo da tsaronta, su fifita tsaro. Aka dakatar da aikin rubuta Windows na wasu makonni, aka mayar da dubban injiniyoyi aji, amma miliyoyin injunan da aka riga aka sayar suna nan yadda suke. A Janairun 2003 tsutsar Slammer ta kama kimanin injuna 75,000 cikin minti goma, ta wata kafa da aka fitar da facinta wata shida kafin nan. Ranar 11 ga Agusta kuma tsutsar Blaster ta ɓulla ta ƙofa ta 135.

Waɗanda suka yi sana'ar gyaran kwamfuta a wancan lokaci ba su manta da Blaster ba. Mutum yana cikin rubutu sai wani akwati ya fito tsakiyar allo yana sanar da shi cewa injin zai kashe kansa, ga agogo yana ƙirga daƙiƙa sittin zuwa ƙasa, babu maɓallin fasawa. Injin ya mutu ya tashi, da zarar ya sake taɓa intanet akwatin ya dawo. Mai gyara yakan yi sauri ya buga umarnin shutdown -a domin ya tsayar da agogon, sa'an nan ya fara saukar da faci ta layin tarho mai jinkiri yana addu'ar ya gama kafin wata ta shigo; wanda ya goge injin ya zuba sabuwar XP kuwa, sau da yawa kafin ya kai ga shafin facin an sake harbinsa, gama tsutsar ba ta bukatar ya buɗe wasiƙa ko ya danna kome, hawansa layi kawai ya ishe ta. Abin takaicin shi ne facin ya fito tun ranar 16 ga Yuli, kwana 26 kafin annobar.

Darasi biyu Microsoft ya ɗauka daga nan, kuma su ne tushen halin da ake ciki har yau. Na farko shi ne faci ba ya amfani sai an ɗora shi, jama'a kuwa ba za su ɗora ba muddin yana zuwa musu barkatai. Saboda haka daga Oktoban 2003 aka tsayar da Talata ta biyu ta kowane wata a matsayin ranar fitar da faci, al'adar da ta kafa wani aiki na musamman a manyan ma'aikatu, na masu gwada facin a kan 'yan injuna kaɗan kafin su sake shi ga sauran. Na biyu, wanda tsutsar Sasser ta ƙarfafa daga ƙarshen Afrilun 2004, sa'ad da aikin wani ɗan makaranta Bajamushe ya shiga ta ƙofa ta 445 har ya mayar da masu gadin gaɓar tekun Birtaniya ga taswirar takarda, shi ne a daina barin ƙofa a buɗe ana jiran mai gida ya rufe. A rufe ta tun farko, wanda ke da bukata ya buɗe. Malaman fiƙihu, musamman na mazhabar Malikiyya, sun daɗe da sanin wannan ƙa'ida ta saddu zari'a, ta hana abin da halal ne a karan kansa idan ya zama hanyar da ɓarna ke bi, sun kuma san cewa duk inda aka yi aiki da ita, ba makawa wani mai kyakkyawar niyya zai shiga ƙunci.

Haka kuwa aka yi a watan Agustan 2004, da babbar sabuntawar Windows XP mai suna Service Pack 2 ta fito. Ta kunna katangar tsaro a kan kowane inji tun daga lokacin tashinsa, ta kuma ƙayyade yawan ƙofofin da inji zai iya ƙwanƙwasawa lokaci guda ba a amsa masa ba zuwa goma, domin a rage wa tsutsa gudu. A nan ne jama'a masu ɗimbin yawa suka fara ɗanɗanar abin da muke magana a kansa, na sadarwar da ke aiki jiya ta tsaya yau saboda gyara. Microsoft da kansa ya wallafa jerin manhajoji kusan 50 da za su iya daina aiki yadda aka saba, har da nasa a ciki. Kamfanin IBM ya umarci ma'aikatansa su dakata da ɗora ta sai an gwada. Aka kuma ba ma'aikatu wata dabara ta jinkirta isowarta, wadda wa'adinta bai ƙare ba sai Afrilun 2005. An yi guna-guni sosai, amma bayan 'yan shekaru ya tabbata cewa zamanin tsutsar da ke cinye injin gida cikin 'yan mintoci ya ja baya, masu rubuta manhaja kuma suka koyi neman izinin ƙofa maimakon su ɗauka a buɗe take.

Sai dai katanga tana kare mutum ne daga na waje, cikin gida kuwa tsohon yaren yana nan da tsohon halinsa. Microsoft ya sake rubuta shi a 2006 tare da Windows Vista, ya rage umarnansa daga fiye da ɗari zuwa 19, sa'an nan a 2012 tare da Windows 8 ya fitar da nau'i na uku mai iya kulle saƙo ta yadda mai laɓewa a hanya ba zai fahimci kome ba. Amma bai cire na farkon ba, domin da ya cire, da XP, wadda ta ci gaba da zama a ofisoshi har bayan an daina kula da ita ranar 8 ga Afrilu 2014, ta kasa magana da ƙannenta, da kuma tarin na'urorin nan masu tsohuwar Samba sun zama kurame. Saboda haka kowace sabuwar Windows ta ci gaba da zuwa da yare biyu, sabo domin tsararta, tsoho domin kara ga magabata. A Satumbar 2016 Ned Pyle, jami'in Microsoft mai kula da wannan yare, ya rubuta maƙala yana roƙon jama'a su daina amfani da nau'in farko kwata-kwata, amma abin da ke aiki ba a cika son taɓa shi ba.

Ranar Juma'a 12 ga Mayu 2017 hujjarsa ta tabbata. Wata cuta mai suna WannaCry ta haɗa halin tsutsa da na mai garkuwa: takan shiga inji ta wata kafa a cikin tsohon yaren, ta kulle fayilolinsa ta nemi fansar dala 300, sa'an nan ta laluɓi maƙwabtansa. Makamin da ta yi amfani da shi, mai suna EternalBlue, an jingina ƙirarsa ga Hukumar Tsaron Ƙasa ta Amurka, wata ƙungiya mai kiran kanta Shadow Brokers ta watsa shi a fili ranar 14 ga Afrilu, alhali facinsa ya fito tun 14 ga Maris. Tarihin Blaster ne ya maimaita kansa bayan shekara 14. An ƙiyasta cewa ta kama injuna fiye da 200,000 a ƙasashe 150. A Ingila ta shafi kimanin kashi ɗaya bisa uku na hukumomin asibitocin gwamnati, aka soke ganin likita da aikin tiyata kimanin 19,000, kuma bazuwarta ba ta lafa ba sai da wani matashi ɗan shekara 22, Marcus Hutchins, ya lura da wani adireshin intanet a cikin rubutun tsutsar ya yi masa rajista, wanda ashe shi ne makashinta. Kafin Yuni ya ƙare wata mai suna NotPetya ta bi wannan kafa daga ƙasar Yukren, ta tsayar da kamfanin jiragen ruwa na Maersk, wanda ya ce ya yi asarar dala miliyan 250 zuwa 300.

Bayan wannan ne aka ɗauki matakin da aka yi shekaru ana tsoron ɗauka. A sabuntawar Windows 10 ta Oktoban 2017, mai lamba 1709, aka daina zuba tsohon yaren a manyan nau'o'i, a ƙanana kuwa aka bar shi bisa sharaɗin cewa idan ya kwana 15 ba a yi amfani da shi ba ya cire kansa. Nan take akwatunan ajiya da injunan kwafin da ba su san wani yare ba suka yi shiru, jerin maƙwabtan da mutum ya saba gani a allonsa ma ya ragu, domin tsohuwar hidimar da ke tattara shi da wancan yare take aiki. A nau'o'in manyan ma'aikatu da makarantu kuma aka hana shiga da sunan Baƙo, kuma a nan akwai wata hikima da ta kuɓuce wa mafi yawan masu kuka. Hanin ya faɗa ne a kan mai ziyara: kwamfutarka ce aka hana ta yarda a saukar da ita a matsayin baƙuwa. Dalili kuwa shi ne kalmar sirri, ban da tabbatar wa mai gida ko wane ne ya zo, ita ce kuma ake sarrafawa a samar da hatimin da ake buga wa kowane saƙo tsakanin injunan biyu. Inda babu ita babu hatimi, babu kulle saƙo, don haka ɗan kutse zai iya shiga rigar uwar garkenka ya ce maka bismilla, ya miƙo maka gurɓataccen fayil, ba ka da hanyar gane cewa ba gidan da ka nufa ka shiga ba.

Daga wannan lokaci rufe tsofaffin kafofi ya zama aikin yau da kullum, aka kuma ƙirƙiro masa ladabi, wato a fitar da faci tukuna, a ba da wa'adi, sa'an nan a tilasta. Amma ladabin yana da nasa zaluncin, kamar yadda aka gani a 2018 game da manhajar sarrafa kwamfuta daga nesa: an fitar da facin wata kafa ranar 13 ga Maris, ranar 8 ga Mayu kuma aka sauya ƙa'ida ta yadda injin da ya sabunta ba zai yarda ya haɗu da uwar garken da ba ta sabunta ba. Ma'aikacin da ya bi doka ya bar injinsa ya sabunta shi ne ya wayi gari a waje, mai sakacin da ya bar uwar garken kuwa bai ga saƙon kome ba.

Wadda ta fi taɓa ƙananan masu sana'a ita ce rigimar firinta ta 2021. A ƙarshen Yuni wasu masu bincike suka wallafa hanyar fasa hidimar da ke jera takardu zuwa firinta, bisa zaton an riga an toshe kafar, aka laƙaba wa al'amarin PrintNightmare. Microsoft ya yi gaggawar faci ranar 6 ga Yuli, ranar 10 ga Agusta ya hana kowa ɗora direban firinta sai mai ikon shugaba a kan injin, ranar 14 ga Satumba kuma ya tilasta wani ƙarin tsaro tsakanin kwamfutar da firinta ke jikinta da masu tura mata aiki. A shagon buga takardu irin na Kano ko Kaduna, inda kwamfuta huɗu ke dogara da firinta ɗaya, wata sabuwa ce, wasu kuwa 'yan gwanjo ne masu Windows 7 da ba sa sabuntawa, abin da aka gani shi ne lamba 0x0000011b a kan allo, ga ɗalibai a tsaye da takardun da za su miƙa. Mai shago yakan ce wa yaro mai gyaran da ya kira, “Malam, jiya-jiyan nan muka yi aiki da ita, wallahi babu wanda ya taɓa kome.” Shi kuwa yakan amsa, “Ranka ya daɗe, ba ku kuka taɓa ba, ita ce ta sabunta kanta.” Sai ya zauna gaban injin da firintar ke jikinsa, ya buɗe rajistar Windows, ya ƙara layi ɗaya ya sa masa sifiri, firinta ta tashi, a sa masa albarka a biya shi, abin da ya yi kuwa a haƙiƙa shi ne ya sake buɗe kafar da aka toshe, kuma da wuya wani ya tuna ya koma ya rufe ta.

Adalci ya wajabta a faɗi cewa ba kowace tsayawa ce hukunci ba, akwai wadda kuskure ce tsantsa. Facin 11 ga Janairu 2022 ya katse wani nau'in keɓaɓɓiyar hanyar VPN da ma'aikata ke bi su isa ofis daga gida, sai da aka fitar da gyaran gaggawa ranar 17 ga watan. Na 8 ga Nuwamba na shekarar kuma ya rikita tsarin tantance ma'aikata a wasu manyan ma'aikatu, har aka sake bin sa da wani gyaran. Matsalar ita ce mai amfani da injin ba shi da hanyar rarrabe wannan da wancan, gama saƙon da ke fito masa a duka halayen biyu dunƙulalle ne, ba ya bayyana illa ba ya nuna mafita, sai ya yanke wa sabuntawa hukunci ɗaya ya kashe ta baki ɗaya. A ƙasashenmu kuwa, inda kuɗin data da ɗaukewar wuta tsakiyar aiki suka riga suka sa mutane ƙyamarta, wannan shawara ba ta bukatar dogon lallashi. Wanda ya yi haka ya koma matsayin mutanen Agustan 2003 da na Mayun 2017, waɗanda maganinsu ya fito makonni kafin cutar, ba su sha ba.

Tafiyar ba ta tsaya ba. Windows 11 ta Oktoban 2024, mai lamba 24H2, ta wajabta hatimi a kan saƙonnin raba fayil, ta kuma faɗaɗa hanin shiga da sunan Baƙo zuwa nau'in Pro, wanda shi ne a kan teburin ƙananan ofisoshi da shaguna masu yawa. Ranar 14 ga Oktoba 2025 kuma wa'adin kula da Windows 10 na gama-gari ya cika, alhali injuna da dama, musamman na gwanjo da suka cika kasuwanninmu, ba su cika sharuɗɗan hawa Windows 11 ba, wanda hakan ke nufin tazarar da ke tsakanin sabon inji da tsoho a ɗaki ɗaya za ta ƙara faɗi, irin wannan saɓani kuma zai ƙaru. Haƙƙi ne a kan masu manhaja su riƙa bayyana dalilin hani da harshen da mai shago zai gane, tun da su ne suka shuka sauƙin da yanzu suke tumɓukewa. Haƙƙin mai gyara kuma shi ne ya san tarihin kowace ƙa'ida kafin ya warware ta, domin mafi yawan waɗannan matsaloli suna da halaltacciyar mafita wadda ba ta da tsada: a buɗe wa kowane mutum asusu da sunansa da kalmar sirrinsa a kan injin da ke riƙe da foldar, a sabunta ɓangarorin biyu tare, a duba ko tsohuwar na'urar tana da sabuwar manhaja daga masu ƙera ta. Idan duk wannan ya faskara, aiki kuma ya tsaya, to larura tana da hukuncinta, amma malamai sun ce ana auna ta ne gwargwadonta: a buɗe a kan inji ɗaya, a nisanta shi da intanet iyakar iyawa, a gaya wa mai shagon abin da aka buɗe da dalilinsa, a kuma sa ranar da za a maye gurbin tsohuwar na'urar a rufe.